Madarar Saniyar Daudu

Haladu tela ya diro daga motar katako a bakin kasuwar Roni, ƙafarsa ta dama ta nutse a taɓo har idon sawu. Bai ko dubi takalmin ba. Rawaninsa ya fara dafawa, ya ji yana nan daram, sannan ya zaro ƙafar. Rawanin na aro ne, kuma ba wanda ya naɗa shi komai tukuna, amma ya ce gara kai ya fara sabawa.

Wata mai tallan nono na zaune a gindin ɗorawa tana korar ƙuda. Ya tambaye ta hanyar rugar Ardo Hamma.

"Bi bayan dutsen can. In ka wuce gonakin gero za ka ji kukan maruƙa." Ta ƙare masa kallo. "Jangali ne?"

"Wane irin jangali? Gida za ni. Dangina ne."

Hancinsa kawai ta duba, ta ci gaba da korar ƙudanta.

To, zancen hancin nan ba yau ya fara ba. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki rumfar Haladu a kasuwar Kazaure ya san kafin a auna masa wuya sai ya sha labarin Daudu. Daudu kakansa ne na wajen uba, Bafillace ɗan gidan ardo, wai fari ne sol, dogo, hanci har baka. Wai ya baro rugagen Roni ne shekarar da Nasara suka shigo, don an ce ya durƙusa wa Bature ya ce gwiwarsa ba ta san wannan ba. Haka kakarsa Dela ta gaya masa, shi kuma kowace shekara sai ya ƙara wa miyar gishiri. Shi Haladun kuwa gajere ne, baƙi wuluk, hanci kamar an zauna a kai. In abokinsa Na'Allah mahauci ya taɓo wannan, sai ya ce ai daga kan jaki ya faɗo yana yaro.

"Lallai jakin nan ya yi aiki," in ji Na'Allah. "Har rini ya yi maka."

Da zancen ya ƙare a rumfa, ba don dagacin Tsamiyar Ardo ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Sarautar ƙauyen nan tun kafuwarsa ba ta taɓa fita daga gidan su Daudu ba. Mamuda, ɗan ƙanwar marigayin, ya nema, aka fara gunaguni wai ɗan mace ne. Haladu ya kwana biyu yana ɗinka wa kansa sabuwar riga, ya je ya faɗi gaban hakimi ya ce shi jikan namiji ne. Hakimi ya saurare shi har ya gama, ya ce shi ba ya naɗa mutum da hirar rumfa. Babban da ya rage a gidan shi ne Ardo Hamma, wanda ya ƙi zaman gari ya bi shanunsa. In Ardo ya zo fada ranar Juma'a ya ce da bakinsa, "Namu ne," an gama. In bai zo ba, Mamuda ya sha. Kowa kuwa ya san Ardo Hamma ba ya ƙarya, ba ya kuma rage magana don wani ya ji daɗi.

Zamanin En'e ne, dagaci ba abin wasa ba ne. Matar Haladu har ta fara amsawa in maƙwabta suka kira ta uwargidan dagaci.

Ya isa rugar da hantsi, shanu sun dawo daga kiwon safe, mata na tatsa. Ardo na zaune kan buzu a inuwar marke, shi da dattawa uku, kowa da sandarsa a gefe. Haladu ya cire takalmi, ya durƙusa, ya zubo gaisuwar Fillancin da ya haddace a mota. Ashe ta maraice ce.

"Sannu da zuwa, malam," in ji Ardo. "Yi Hausarka, muna ji."

Ya ajiye goro da kanwar da ya kawo, ya faɗi sunansa da na ubansa Lauwali da na kakansa, ya faɗi abin da hakimi ya ce. Ya so ya shiga labarin Bature, sai Ardo ya ɗaga hannu.

"Daudu ƙanin babana ne. Amma ina goye ya tafi, ban san shi ba. Yayata ta san shi." Ya waiwaya wajen shanu. "Adda Shatu! Zo ki ga baƙo."

Wata 'yar tsohuwa ta fito daga tsakanin shanu tana goge hannu a zane, siririya kamar tsinke, idanunta kuwa tar. Aka gaya mata. Ba ta gaishe shi ba.

"Miƙe," ta ce.

Ya miƙe.

"Juya. Yi tafiya zuwa turken can ka dawo."

Ya yi, sabuwar riga na jan ƙasa, dattawa na kallo kamar an kawo bijimi kasuwar shanu. Ta leƙa kunnensa. Ta sa ya miƙo tafin hannu. Har yatsun ƙafarsa ta sunkuya ta duba.

"Wa ta haifi ubanka?"

"Dela, Goggo. 'Yar Babura."

"Uwarka fa?"

"Batulu. Gidan marina ne, nan Kazaure."

"To," in ji Shatu, "nonon ya sha ruwa." Ta dubi ƙaninta. "Ba kunnen, ba wuyan, ba tafiyar. Ni ban ga Daudu a nan ba."

Haladu ya fara, "Ai hancin, ina yaro ne jaki ya..."

"Zauna, ɗan mutane," in ji Shatu. "Ko kai ne ko ba kai ba ne, wanda ya zo da sunan Daudu ba ya tashi bai sha daga saniyar Daudu ba. Saniyarsa Ɓale ya bari. Ɓale ta haifi Wule, Wule ta haifi Rane mai karyayyen ƙaho, Rane ta haifi uwar waccan da kake gani. Mu ba mu ɓatar da ko ɗaya ba."

Ta tafi, ta dawo da ƙwarya ta dire a gabansa. Madara ce sabuwar tatsa, da ɗuminta, kumfa na rawa a kai. Ƙwaryar kuwa ba 'yar ƙarama ba, irin wadda ake wanke jariri a ciki.

"A gidan nan jini ba ya rage saura," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Baƙo ne ke kurɓa ya ajiye."

Nan fa ake yin ta. Akwai abu guda da Haladu bai taɓa faɗa a rumfa ba: madara ba ta zama a cikinsa. Nono mai tsami, kindirmo, fura, duk yana sha lafiya lau. Amma ɗanyar madara, ko a shayi aka ɗiga masa sai ya ji a jikinsa. Ya taɓa sha wajen wani suna a Gwiwa, alwalar da ya sake a ranar Allah kaɗai ya san adadinta. Yanzu ga shi ya zo neman a ce shi ɗan gidan shanu ne. Ina bakin cewa madara ba ta karɓe shi ba?

Ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ya sha, ya huta, ya sha. Kumfa ta yi masa gashin baki. Da ya kife ƙwaryar ko ɗigo bai zuba ba, dattawa suka gyaɗa kai.

"Madalla," in ji Ardo. "To, tunda asali ka zo nema, bari ka ji shi daga tushe, sannan mu ga inda za mu sa ka."

Ardo Hamma ba ya sauri. Ya ɗauko daga kakan kakansu da ya taso daga yamma da shanu, ya faɗi rijiyar da suka fara sauka, da wanda ya auri wace, da wanda ya yi fushi ya koma wajen Daura. In ya manta sunan wata mata sai ya tsaya, dattawa su yi ta gardama da Fillanci har a samo ta. Rana ta ɗaga. Inuwar marke ta matsa, aka ja buzu aka bi ta.

Ana cikin labarin shekarar annobar shanu cikin Haladu ya yi ƙugin farko. Ya yi tari ya rufe. Can sai abu ya murɗa masa daga ƙarƙashin cibiya, ya zagaya, ya dawo. Ciki ya kumbura ya cika sabuwar riga. Gumi ya tsatso daga ƙarƙashin rawani ya bi ta bayan kunne. Ya sauya zama. Ya tanƙwashe ƙafa, ya zauna kan dunduniya, ya danne.

Ka san Fulani da kunya. Mutum ya gwammace ya mutu a zaune da ya tashi gaban manya a gane inda za shi. Haladu ya san wannan sarai, shi da yake koya wa mutanen rumfa fulaku kullum. Ya ɗaga kai yana roƙon Allah ya kawo hadari, ko tsawa ɗaya ce ta rufa masa asiri. Sama wasai, ko gajimare babu.

Sai ya lura da wani bijimi a turke da ke ta ruri, ya yi shiru, ya sake. Rurin dogo ne, mai kauri. Haladu ya auna shi kamar yadda yake auna yadi. Ya ce a ransa, in ya sake ɗauka zan bi bayansa, kaɗan kawai, don a samu sarari. Bijimi ya buɗe baki. Haladu ya saki.

Bijimin nan, Allah ya isa, ashe hamma ya yi.

Abin ya fito shi kaɗai a filin Allah, dogo, da lanƙwasa a ƙarshe kamar mai tambaya. Wata mai tatsa ta tsaya cak. Har maraƙi ya waiwayo.

Da a Kazaure ne, da an fashe da dariya, a tsokane shi, a wuce wurin. Nan kuwa ba wanda ya motsa. Dattijo ɗaya ya ɗauki sandarsa ya shiga duba ta kamar yau ya fara ganinta. Wani ya tsura wa tururuwa ido. Ardo ya maimaita sunan da ya tsaya a kai, ya sake maimaitawa, ya ci gaba da muryarsa yadda take. Wannan shirun ya fi mari ciwo. Haladu ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Kuma abin bai ƙare ba. Murɗa ta biyu da ta zo, ya san wannan ba iska ba ce. Ya zabura ba sallama, ba neman izini, ya tattare riga, ya tsallake ƙwarya, ya ratsa ta tsakanin mata ya nufi gonar gero a guje. Ƙaya ta fizge rawanin a bakin shinge. Bai waiwaya ba.

Ya daɗe a cikin geron nan. Abin da ya kai shi ya ƙare, amma ya kasa fitowa. Ya koma wata kunyar gero ya tsuguna, ya rufe fuska da hannun riga. Yana jin shanu sun tashi kiwo, yana jin muryoyin mata can nesa, kowace dariya sai ya ɗauka tasa ce. Ya yanke shawarar in rana ta karkata zai bi ta bayan gona ya fita hanyar Roni, ko da ba takalmi.

Sai ya ji taku. Ta tsakanin karan gero ya hango Shatu a bakin gona. Ta ajiye buta da takalmansa a ƙasa, ta juya masa baya ta tsaya. Kafaɗunta na rawa.

"Jikan Daudu," ta ce, "ga ruwa."

Ya ƙara lafewa a cikin gero.

"Na san kana ji. Ɗauki butar, ba na kallo."

Ya miƙo hannu ya ja butar, ya koma ciki. Da ya kintsa ya dawo kusa, ya turo butar, amma bai fito ba. Kara uku ne tsakaninsu.

"Goggo, ki yafe ni. Na ci mutuncin gidanku."

"Gidanmu? Gidanku dai." Ta share ido da gefen mayafi. Dariya take yi, amma hawayen na gaske ne. "Kai, yau na ga baffana. Har gudun! Haka yake tattare riga."

"Ban gane ba."

"Me aka ce maka ya fitar da Daudu daga rugar nan?"

"Bature ne. An ce ya durƙusa..."

"Wane Bature? Daudu bai taɓa ganin Bature ba sai dai ko a Babura. Madara ce. Tun yana yaro ba ta zama a cikinsa, nono kawai yake sha. Uwarsa ba ita ta haifi babanmu ba, 'yar manoma ce daga wajen Gwiwa, wasu suka ce daga can ya ɗauko. Oho. Farar saniya ma takan haifi baƙin maraƙi. Yara suna kiransa Daudu Tsawa. To, ranar da aka kai shi gaishe da surukai, suka dire masa ƙwarya. Ya ji kunyar ƙi. A gaban uban yarinya, da kawunnanta, da babanmu." Ta girgiza kai. "Ya tashi ya shiga dawa. Sandarsa ma a nan ya bar ta. Ba mu sake ganinsa ba."

Haladu ya tuna ubansa Lauwali, da har ya mutu in an miƙo masa madara sai ya ce azumi yake. Bai taɓa tambayar dalili ba.

"Ina dire maka ƙwaryar na ga yadda ka dube ta," in ji Shatu. "Na ce bari dai mu gani. Kunne da wuya kowa na iya zuwa da su. Wannan kuwa ba mai yin ƙaryarsa. Na gaya wa Hamma. Ya ce Juma'a da sassafe zai ɗaura wa jaki akumari, ya je ya gaya wa hakimi kai namu ne."

Daɗi ya taso wa Haladu har maƙogwaro. A nan ya tsaya.

"Goggo, in hakimi ya ce da me aka gane ni fa?"

"Zai tambaya mana. Sai Hamma ya faɗa."

"Duka?"

"Hamma bai iya rabi ba."

Haladu ya rufe ido, sai ga fada a gabansa. Hakimi a kan shimfiɗa, fadawa a jere, waɗanda in an yi magana sai sun ɗaga murya sun maimaita don na waje su ji. Mamuda da mutanensa a gefe. Maroƙa a bakin zaure suna jiran abin da za su sa a kirari. Ardo kuma a tsakiya, a hankali, ba ya tsallake komai, daga surukan Daudu har zuwa bijimi. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Rawani zai hau kai, amma har jikokinsa ba mai kiransu da sunan Tsamiyar Ardo.

"Ba za a ce tafiya ba? Ko murya? Ki ce kin ga wani abu a kunnen daga baya."

"Kunnenka na Haɓe ne, ɗana. Ni ce na faɗa gaban mutane ɗazu."

Iska ta kaɗa geron. Ya daɗe yana kallon bayan tsohuwar, da ƙashin kafaɗarta da ya turo mayafi.

"Goggo, ki ce wa Baffa kada ya wahalar da jakinsa."

Ba ta juyo ba. Dariyar ta ɗauke.

"Haka shi ma ya yi," ta ce. "Shi ke ɗora ni a wuya in za a tsallake rafi. Mun yi masa dariya kwana biyu, muka yi kewarsa har yau. Babanmu ya je Kazaure nemansa, ya je Daura, bai san Babura ya shige ba. Shanunsa muke kiwo, ba mu sayar ba, ba mu yanka ba, muna cewa wata rana wani zai zo. Ka zo kuma za ka bi ta cikin gero?"

"Ba zan iya haɗa ido da su ba."

"To, bar sarautar. Zo ka ci tuwo kawai. Ba mai tayar da zancen, ka ga halinsu."

"Wani jiƙon, Goggo."

Ta san ba wani jiƙon. Ta sunkuya ta ɗauki butarta, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta tafi a hankali ba ta waiwaya ba. Sai da ta ɓace ya fito ya sa takalmi.

Motar kasuwa ta sauke shi a Kazaure ana kiran magariba. Ya so ya sulale ta lungu, amma Na'Allah da mutanen unguwa na kan dakalin ƙofar gidansa tun la'asar suna jira.

"Ranka ya daɗe, dagaci!" in ji Na'Allah. "A'a, ina rawanin? Ko an bar shi can ana turara shi? Yaya dangi? Yaushe Ardo zai iso?"

"Ba zai zo ba."

Na'Allah ya gyara zama.

"Me ya faru?"

"Sun ce ba su san mu ba," in ji Haladu, idonsa a ƙasa. "Wai nasu Daudun daban ne."

Na'Allah, da ya shekara ashirin yana jiran wannan rana don ya yi dariya, sai ya ji dariyar ta ƙi zuwa. Ya dubi abokinsa, riga duk taɓo, fuska ta faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ransa ya ɓaci.

"Kai, amma mutanen nan ba su da kirki! Mutum ya taso takanas, ya kai musu goro, su kore shi? Girman kai ne kawai. Don sun ga ba ka da ko akuya."

"Haka suke," wani ya karɓa. "In ba ka da shanu ba ka da uba a wurinsu."

"Tsofaffin matansu sun fi mugunta," in ji wani. "Na rantse ko ruwa ba su ba shi ba. Dubi leɓensa. Malam Haladu, sun ba ka ruwa kuwa?"

Haladu ya buɗe baki. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, duk suna jira, duk suna tausayinsa.

"Ba su ba ni ba," ya ce.

Na'Allah ya yi tsaki, ya matsa ya ba shi wuri a kan dakali. Haladu ya zauna a tsakiyarsu, suka ci gaba da zagin mutanen ruga har aka tayar da salla.